'Yar Hular da Ta Faɗo a Rabon Ikilima

Daura, 4 ga Maris, 2004

Zuwa ga taubashina Injiniya Nu'uman,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. A gaishe min da Gwaggo, Allah ya ƙara mata nisan kwana.

Bayan haka, ka san ban saba rubuto maka ba, don ba na iya jure iyayinka. Yau dole ce ta sa. Sharu Auta ya kai ni ƙara gaban alƙali a kan gonar Baba ta ƙasar Baure, wadda ta faɗo a rabona. Ba duka gonar yake nema ba, kwarin tsamiya yake so, wato wurin da ke riƙe danshi ko damina ta yi gardama. Wai aro yayansa marigayi Ɗantsoho ya ba Baba. Mutumin da bai taɓa buɗe baki ba Baba na raye, sai da aka yi sadakar arba'in ya tuna da aro. Ya kawo shaidu biyu, duk masu cin tuwon zaurensa. Alƙali ya ba ni zuwa Talata shida ga Afrilu in kawo abin da zai karya maganarsu, in ba haka ba kwarin ya tafi.

Hujja kuwa akwai ta. Shekara uku da suka wuce, lokacin ina Legas saro kayan babur, Baba ya zaga iyakar gonar tare da Ɗantsoho da wasu dattawa, ya ɗauki maganarsu a rikoda. Kaset ɗin kuwa, rediyo ya tauna shi tuntuni, amma Baba ya taɓa gaya min an juye maganar a tsohuwar kwamfutar nan da ka ba shi. Na kunna ta, na duba ciki da bai, ba komai sai wasiƙun fansho. Shekaranjiya ina kwashe akwatin littattafansa sai ga faifan ajiya na biyu, irin mai nauyin nan, a naɗe cikin tsohon rawani. A jikinsa Baba ya manna takarda ya rubuta: "Muryoyi da iyakar gona."

Na kwance akwatin kwamfutar da sukundireba. Na ga faffaɗar waya mai baki biyu, ɗaya a jikin faifan da ke ciki, ɗaya yana lilo. Na cusa masa wanda ke lilo, na ba shi wayar wuta, na kunna. Ta yi ta nazari kamar ba za ta tashi ba, da ta tashi kuma faifai ɗaya ta nuna min, na biyun ko alamarsa.

Ni da nake kwance injin babur in mayar ido rufe, ba na so a ce wannan abin ya gagare ni. Ka rubuto min yadda zan yi, da Hausa. Sama'ila direban Kaduna zai karɓo amsar ran Litinin.

Ka huta lafiya.
Naka, Munzali Maharazu

*

Kaduna, 8 ga Maris, 2004

Zuwa ga Munzali, sarkin bakanikan ƙofar gida,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwaggonka na amsawa, ta ce a tambaye ka ko sai shari'a ta ci ka kake tuna kana da dangi.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na farko don in gane, na biyu don in yi dariya. Ka sa hannun da kake murɗa notin babur a cikin na'urar da na yi shekara biyar a jami'a ina koyon taɓa ta. Da ka tambaye ni kafin ka buɗe, da na ce ka wanke hannu ka koma gefe. To aikin gama ya gama, sai ka bi abin da zan faɗa ɗaya bayan ɗaya, kada ka ƙara naka.

Fara da abin da ko kai za ka iya. Kunna ta, ka kara kunnenka a jikin faifan. In ka ji yana gurnani a hankali, wuta na shiga. In shiru ne, zare wayar wutar, mai rami huɗu, ka ba shi ta na'urar sidi, wadda muka san tana aiki. Daga nan ka dubi faffaɗar wayar. Gefe ɗaya yana da jan layi. Jan layin nan ya kalli wajen wayar wuta. Na san irinku, in abu ya ƙi shiga ba ku juya shi, ƙarfi kuke ƙara masa. Ka haska tocila ka ga ko ka lanƙwasa masa haƙori.

In duk wannan daidai ne, ka kashe ta ka sake kunnawa, kana ta danna madannin da aka rubuta Del tun kafin ta gama farkawa. Shuɗin allo zai fito. Sunansa bayos, nan ne na'ura ke lissafa abin da ke jikinta. Ka kwafo min abin da ka gani a layi huɗun farko, harafi da harafi. Kada ka taɓa komai a wurin. Na maimaita, kada ka taɓa.

Akwai wani ɗan maƙali a bayan faifai da ke gaya masa ko shi ne na gaba ko mabiyi, amma ba zan wahalar da ƙwaƙwalwarka da shi ba. Faifan da ya yi shekaru yana aiki a cikin wannan na'urar, saitinsa daidai yake, ba ƙafa gare shi ba balle ya tashi ya sauya.

Ina littafin na'urar da faya-fayan sidi da na haɗo wa Kawu da su? Ka nemo su, akwai zane a ciki, kai kuma na san ka fi gane zane.

Wassalam.
Injiniya Nu'uman Muktar

*

Daura, 13 ga Maris, 2004

Injiniya,

Sallama da gaisuwa. Ka ce wa Gwaggo ina nan tafe bayan shari'a.

Na ga wasiƙarka, rabi zagi rabi aiki. Na bar maka zagin, tunda shi ma a jami'ar ka koyo. Aikin kuwa na yi shi duka. Na kara kunne, faifan na gurnani kamar mage. Na sauya masa wayar wuta duk da haka. Jan layi yana inda ka ce tun farko, ba tare da na yi shekara biyar a ko'ina ba. Haƙora lafiya lau, ban lanƙwasa ko ɗaya ba. Na shiga shuɗin allon naka. Layin farko akwai suna da lambobi, na biyu an rubuta None, na uku sunan sidi, na huɗu None. Na sake kunnawa sau tara, amsar ba ta sauya ba.

Littafin da kake tambaya ba ya hannuna. Ranar rabon gado kwamfutar da akwatin littattafai suka faɗo gare ni. Tarkacen da ke kan teburin Baba, su wayoyi da gwangwanaye da faya-fayai, aka tattara a kwali aka miƙa wa mijin ƙanwata Ikilima tare da kayan ɗaki, tunda ita tana wankan jego a Mai'adua. Tun ranar ba ta tako gidan nan ba, gaisuwa ma sai ta bakin matata Fadila. Fadilar ce ke damuna wai in tambaye ta, tunda ita ke yi wa Baba bugun takardu. Ƙanwar da na goya a bayana ba zan je ina roƙonta ilimi ba, don kawai ta yi wata shida tana koyon buga keken rubutu a Katsina.

Saura kwana ashirin da huɗu. Jiya a masallacin Juma'a Sharu Auta ya miƙo min hannu yana murmushi, ya ce a gaida gero. Ban san lokacin da na ƙarasa gida ba don baƙin ciki. In iliminka ya ƙare a nan, ka faɗa min in nemi wani.

Naka, Munzali

*

Kaduna, 17 ga Maris, 2004

Munzali,

Salam. Kowa lafiya.

Wato kun raba kwamfuta kamar naman watanda, wani ya ɗauki kai, wani ya ɗauki kayan ciki. Allah ya jiƙan Kawu, bai bar magaji ba.

Ilimina bai ƙare ba, faifanka ne ya ƙare. Wuta na shiga, waya daidai, bayos bai gan shi ba: allon da ke ƙarƙashinsa ya mutu, ko hannun da ke karatu a ciki ya maƙale. Watanni a cikin rawani da zafin Daura, me kake jira? Saura dabara ɗaya da muke yi wa gawa irin wannan. Ka ƙulle shi a leda biyu, ka sa shi a firji mai ƙanƙara ya yini, ka fito da shi ka haɗa da sauri. Wani lokaci sanyi kan saki abin da ya maƙale na ɗan lokaci. In bai tashi ba, ka samu abin danne takardu a shago.

Batun Ikilima kuwa, a nan kaɗai na yarda da kai. Takardar wata shida ba ta gyara abin da ya gagari digiri. Ka bar ta ta ji da jaririnta.

Shawarata ta gaskiya, ka nemi sulhu da Sharu tun kana da abin bayarwa.

Nu'uman

*

Mai'adua, 24 ga Maris, 2004

Zuwa ga Yaya Munzali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta. Ya haƙurin rashin Baba? Allah ya kai haske kabarinsa. Maigidana na gaishe ka. Jaririn da ba ka zo suna ba ya fara zama, sunan Baba ya ci.

Bayan haka, Fadila ta aiko min da saƙo cewa ta ga faifan Baba a ƙulle cikin leda, wai ran Asabar za ka kai shi wurin mai ƙanƙarar bakin tasha a sa shi tare da kunun zaƙi. Ta ce shawarar Injiniya ce. Ban yi mamaki ba. Mutum biyu masu gemu sun yi mako uku suna aika wa juna takarda tsakanin Daura da Kaduna, alhali wadda ta ɗaura faifan da hannunta tana nan Mai'adua, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a babur ba. Kada ka sa shi a sanyi. Lafiyarsa ƙalau, raɓa ce za ta kashe shi.

Ga abin da ya faru. Da faifan farko ya cika da muryoyin tsofaffin da Baba ke ɗauka, ni na sa aka sayo na biyu daga Kano, ni na haɗa shi, ni na juye kaset talatin da ɗaya a ciki. Da ciwo ya kwantar da Baba, ya ce in cire shi in kulle, don yana tsoron masu shiga ɗakinsa suna latse-latse. Faifai ba shi da kwaɗo. Sai na zare masa 'yar hularsa. Wata 'yar baƙar roba ce, ba ta kai ƙwayar wake ba, tana zama a kan haƙora biyu a bayansa, tsakanin faffaɗar waya da wayar wuta. Ita ke gaya masa shi mabiyi ne. In babu ita, shi ma sai ya ɗauki kansa na gaba, su biyu a waya ɗaya, na'ura ta kama ɗaya ta bar ɗaya. Injiniya ya san wannan sarai. Abin da bai zo masa a rai ba shi ne wani a gidanmu ya san shi.

Hular na jefa ta a gwangwanin alewar Baba. Gwangwanin kuwa ka san inda ya tafi, don kai ka cika kwalin da hannunka. Maigidana ya ce har ka ce masa, "A kai mata, ita ce mai son tarkace." Na gode. Ga ta nan na naɗe a takarda na liƙa a ƙasan wasiƙar nan. Ka kashe wuta tukuna. Ka duba jikin faifan akwai ɗan zane, ka sa ta a haƙoran da ke daidai da S da L. Ka kunna. Abin da kake nema yana cikin jakar faifan da na sa wa suna Baure, shi ne na bakwai a jere.

Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gara ka ji daga bakina kafin ka ji a gaban alƙali. Maganar minti goma sha tara ce. Ɗantsoho ya faɗa da bakinsa cewa sayarwa ya yi, ba aro ba, ya ambaci kan iyaka daga tsamiya zuwa layin gamba, ya kira sunan dattawa biyu da ke tsaye a wurin, kuma duk suna raye. Wannan zai rufe bakin Sharu Auta. Amma a tsakiyar maganar, suna tsaye a gindin tsamiyar, Baba ya ce, "Ku shaida, kwarin nan na ba Ikilima kyauta, ita ta zauna da ni." Ɗantsoho ya ce ya shaida, dattawan suka ce sun shaida. Gyaɗar da aka noma a kwarin bara waccan, da ka ɗauka ta Baba ce, tawa ce. Maganar ba ta yankuwa, Yaya. A numfashi ɗaya Ɗantsoho ya faɗi sayarwar ya amsa shaidar.

Za ka ce me ya hana ni magana ranar rabo. Ina kwance da jinin haihuwa aka raba, ba wanda ya aiko ya tambaye ni. Bayan nan kuma hujjata tana cikin akwatinka, makullinta yana cikin kwalina, na ce bari in ga ranar da za ka neme ni. Ba ka neme ni ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yanzu kuma a ɓace yake, amma ba zan zauna ina kallo bare ya cinye gumin Baba ba.

Ka kai wa alƙali. Kwarin ya zauna a gidan Malam Maharazu. In ka ga dama ka ci gaba da noma shi, ba zan kore ka ba, buhun gero ɗaya na sadakar Baba ya ishe ni duk shekara. Abin da nake so kawai a faɗa a gaban mutane cewa ya ba ni.

Ka gaida Fadila da yara.
Ƙanwarka, Ikilima

*

Daura, 29 ga Maris, 2004

Ikilima,

Salam. Saƙonki ya iso, da robar da kika liƙa.

Na sa ta inda kika ce. Ba abin da ya sauya. Injiniya ya riga ya faɗa, faifan ya mutu, kuma shi ya san aikinsa. Labarin kyauta kuwa ban taɓa jin sa a bakin Baba ba, kuma ba a kafa shari'a da abin da mace ta tuna tana jego. Ki bar maganar nan a inda take, kada ta fita.

Zan je kotu da abin da Allah ya hore min. Ki shafa min kan yaron.

Yayanki, Munzali

*

Kaduna, 9 ga Afrilu, 2004

Munzali,

Salam. Sama'ila ya ba ni labari tun kafin ya miƙo takardarka. Kwarin ya tafi, sai haƙuri. Ai na gaya maka ka nemi sulhu.

Abu ɗaya ne ban gane ba. A ƙasan takardar ka tambaye ni yadda ake goge abu daga faifai har ya zama ba a iya dawo da shi. Wane faifan? Na farkon ba komai a cikinsa sai wasiƙun fansho, na biyun kuma ka ce min ko da sanyin bai tashi ba. Mutum ba ya goge abin da na'ura ba ta gani.

Na fasa tambaya. Kada ka ba ni amsa, ni ma ba zan ba ka ba. Na yi shekaru ina yi maka dariya a kan rashin sani, ashe ba nan matsalarka take ba.

Gwaggonka ta ce ba sai ka zo ba.

Nu'uman

*

Mai'adua, 12 ga Afrilu, 2004

Yaya Munzali,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

Na ji yadda aka yi. An ce alƙali ya tambaye ka har sau biyu ko kana da hujja, ka ce na'ura ta ƙi ganin faifan. An ce Sharu Auta ya riga ya kai taki kwarin.

Fadila ta zo duba yaro jiya. Ban tambaye ta komai ba, ita ta fara kuka. Ta ce ranar da saƙona ya iso, bayan la'asar tana shara a tsakar gida, ta ji muryar Baba ta tagar ɗakinka, har tsintsiya ta faɗi daga hannunta. Ta ce sau uku ka mayar da wurin tsamiyar.

Ba zan kai ka ƙara ba. Ka gwammace bare ya ci da a ce ƙanwarka ce da shi, ka kuwa samu yadda kake so. Muryar Baba tana ɗakinka, ka zauna da ita.

Abu ɗaya nake nema. Ka naɗo min 'yar hulata a takarda ka ba mai babur. A rabona ta faɗo.

Ikilima Maharazu